Linux a sabar kamfani: Abin da ake dubawa kafin a zaɓi nau'i

Sabar ita ce kwamfutar da ke aiki dare da rana, tana riƙe da shafin intanet na kamfani da saƙonninsa na imel da bayanan abokan cinikinsa. Babbar manhajar da ke tafiyar da akasarin irin waɗannan kwamfutoci a duniya ita ce Linux, wadda Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland, ya fara rubutawa a shekarar 1991. Tushenta a buɗe yake, kowa na da damar dubawa da gyarawa da rabawa, shi ya sa ta kasu zuwa nau'o'i masu yawa.

A wurin aiki na yau da kullum nau'o'in ba su da wata tazara mai yawa. Inda suka bambanta shi ne wanda zai riƙa toshe ɓarakar tsaro idan ta bayyana, da kuma tsawon shekarun da zai ɗauka yana yi.

Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, 'yan sa-kai ne ke kula da ita, ba ta ƙarƙashin wani kamfani, kuma kowane fitowa na samun kulawa ta kimanin shekara biyar. Daga jikinta Ubuntu ta fito a 2004. Kamfanin Canonical na fitar da nau'inta mai dogon zango a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, da gyaran tsaro na shekara biyar kyauta, ana kuma iya tsawaita shi zuwa goma a tsarin Ubuntu Pro. Red Hat Enterprise Linux kuwa ta kuɗi ce: shekara goma na kulawa, da ma'aikatan da za a kira idan matsala ta taso.

Labarin CentOS ne ya fi jan kunnen kamfanoni. Kwafi ce ta Red Hat da ake samu kyauta, kuma dubban kamfanoni sun ɗora ayyukansu a kanta bisa tsammanin za a kula da CentOS 8 har zuwa 2029. A watan Disamban 2020 kamfanin Red Hat, wanda IBM ya saya a 2019 kan dala biliyan 34, ya sanar da cewa kulawar za ta ƙare a ƙarshen 2021. Waɗanda suka saki jiki sai suka wayi gari da aikin ƙaura da ba su yi masa tanadi ba. Rocky Linux da AlmaLinux sun fito a 2021 domin cike wannan gurbi, ita kuma CentOS 7 wa'adinta ya cika ranar 30 ga Yunin 2024. Sabar da har yanzu ke kanta ba ta samun gyaran tsaro daga masu ita.

A Nijeriya, kuɗin rajistar da aka ƙayyade da dala yana hawa duk lokacin da naira ta faɗi, abin da kan karkatar da ƙananan kamfanoni zuwa Debian ko Ubuntu. Sai dai nau'in kyauta ma yana cin kuɗi, domin dole a biya ƙwararren da zai riƙa sabunta shi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su. Bankuna da manyan ma'aikatu kuma kan fara tambayar mai sayar musu da manhajar aiki nau'in da ya amince da shi, domin idan aka ɗora ta a kan wani dabam yana iya janye tallafinsa.