Tsohuwar Sifika a Sabon Akwati

Gwajin farko ba ya buƙatar wutar NEPA. Mai gyara zai karɓi tsohuwar sifikar da aka kawo masa, ya hure ƙurar kanta, ya jona wayoyinta biyu da batirin tocila. In takardar ta yi ƙwas ta zabura, to da sauran rai. Sai ya danna ta da yatsu a hankali, kunne a kusa. In bai ji gogayya ba, naɗin wayar cikinta bai karkace ba. Daga nan ake shiga ciniki. Masu gyaran rediyo na kewayen kasuwar Wunti da Babbar Kasuwar Bauchi sun gaji wannan gwaji daga iyayen gidansu, kuma abin da suke gwadawa ya girme su duka.

A 1925 ne Chester Rice da Edward Kellogg, injiniyoyin kamfanin General Electric a Amurka, suka fito da irin sifikar da ake amfani da ita har yau: siririyar wayar tagulla a naɗe, tana zaune cikin tsagar mayen ƙarfe, an liƙa ta da takarda mai siffar mazurari. Wuta ta bi waya, waya ta motsa, takarda ta tura iska, kunne ya ji murya. Shekara ɗari ke nan tsarin bai sauya ba, shi ya sa sifikar zamanin kakanni take amsa kiran wayar salula in an haɗa su da amfilifaya.

Ƙasar Hausa ta san akwatin sifika kafin ta san rediyon kai. A 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tashar rarraba shirye-shirye ta waya a Kano, Zariya da Jos suka biyo baya. Abin da ake kafa wa mai biyan kuɗin wata akwatin katako ne da sifika ɗaya a ciki, ba shi da zaɓin tasha. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, shekarun da ɗan ƙasar Bauchi, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, yake Firayim Minista, mutumin da daɗin muryarsa ya sa ake yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Layin dogon da ya taso daga Kuru zuwa Maiduguri ya ratsa Bauchi a farkon shekarun 1960, kaya suka sami hanyar shigowa, har da garmaho da rediyo mai haɗe da abin juya faifai, wanda girmansa ya kai kabad.

Amma kakar sifika ta zo ne a tsakiyar shekarun 1970. A 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da bashin watannin baya, a Fabrairun 1976 kuma aka ƙirƙiri Jihar Bauchi, garin ya zama hedkwata. Ma'aikata suka cika gari, masana'antar motoci ta Steyr ta zo, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta buɗe a 1979, jami'a a 1980. Falon ma'aikaci bai cika ba sai da kayan sautin Japan, Kenwood ko Pioneer ko Sansui, akwati biyu dama da hagu, ana jin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a faifai, daga baya a kaset.

Sai 1986 ta zo da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida. Naira da take kafaɗa da kafaɗa da dala ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin albashi. Hawa da saukar wuta kuma sun riga sun ƙone amfilifayoyi da dama, ruwa da gara sun cinye akwatunan da aka yi da matsattsen garin katako. Abin da ya tsira shi ne sifikar kanta. A nan ne mai gyaran rediyo da kafinta suka haɗa hannu: wannan ya ciro sifika daga mataccen akwati ko ya samo ta cikin kayan gwanjo daga Alaba ta Legas ko Sabon Garin Kano, wancan ya yanka falanki ya haɗa mata sabon gida.

Akwatin ba ado ba ne. Takardar sifika tana tura iska ta gaba, a lokaci guda tana janyo ta ta baya, in ba a raba tsakani ba sai kaurin murya ya kashe kansa, a bar kunne da siririn sauti. Samarin da ba su da kuɗin kafinta sun gano haka da kunnensu, sukan kifa sifika a bakin tulu ko randa, nan take ganga ta fito da nauyinta. Abin da Neville Thiele ya rubuta da lissafi a Ostareliya a 1961 kan girman akwati da ramin numfashinsa, maigidan shago a Bauchi da gwaji yake kai wa gare shi: ya toshe kafofi da gam, ya cusa auduga ko soson katifa, ya rage bututu ko ya ƙara, har sai kalangu ya daina kumbura. Wannan ilimi ne na gaske, kuma abin takaici ne da ba a rubuta shi ba.

Akwai dalilin da ya sa masu sani suke juya sifika su duba bayanta. Tsofaffin na Goodmans da Tannoy da JBL suna ɗauke da mayen ƙarfe da ake kira alniko, haɗin da ke buƙatar ma'adinin kobal. A Mayun 1978 'yan tawaye suka afka wa Kolwezi a Zayar, ƙasar da a lokacin take fitar da mafi yawan kobal na duniya. Farashi ya ninka, kamfanoni suka koma wa wani baƙin mayen ƙarfe mai faɗi da arha. Yaƙin da aka yi a tsakiyar Afirka ya zama alamar gane shekarun sifika a teburin mai gyara.

Maƙiyan sifika a Bauchi biyu ne. Ƙurar hunturu tana shiga tsagar da waya ke motsi, sauti ya riƙa ƙarce. Zafin bazara kuma yana ruɓar da zoben soso da ke riƙe bakin takarda, ya zama gari a hannu. Masu zoben ƙyalle sun fi jurewa. Dukansu suna gyaruwa. Akan kankare tsohon gam, a liƙa sabon zobe, in waya ta ƙone a warware ta ana ƙirga zagaye, a naɗa sabuwa daidai da adadin.

Yau kayan Sin masu Bluetooth sun mamaye shaguna, kuma in sun mutu ba kasafai ake buɗe su ba. Aikin da ya fi riƙe masu gyara shi ne lasifikar masallaci, irin su Ahuja ta Indiya da TOA ta Japan, da manyan akwatunan masu kiɗan biki da wa'azi. Duk da haka akan sami wanda zai zo da sifika biyu a buhu, gadon mahaifinsa, yana so a yi musu akwati. Maigida zai sa yaron shago ya miƙo batir, in sun amsa ya auna faɗinsu, ya rubuta wa kafinta awo a bayan kwali, ya saka ɗan ƙaramin allon Bluetooth cikin lissafin kuɗin aiki.