Asalin Kalmar "Sugar"

Ku 'yan makaranta, da yawanku su kan ɗauka kalmomin Ingilishi duka a Ingila aka haife su, har wani ya riƙa raina Hausa wai don ta yi aro wurin Larabawa. To, bari mu ɗauki kalma guda, watau "sugar", mu bi sawunta mu ga inda ta fito.

Tushenta ƙasar Hindu ne. Mutanen can su suka fara gano dabarar dafa ruwan rake har ya daskare ya zama ƙwaya-ƙwaya. A tsohon harshensu, wanda a ke kira Sanskirit, sunan tsakuwa "sharkara". Da suka ga abin nan mai zaƙi ya yi kama da tsakuwa, sai suka laƙaba masa sunanta.

Daga nan rake ya shiga ƙasar Farisa, Farisawa suka gajarta sunan, suka ce "shakar". Sa'ad da Larabawa suka ci Farisa da yaƙi wajen shekarar 642, suka tarad da gonakin rake, suka koyi sana'ar, suka ce "sukkar". Su ne kuwa suka kai rake Masar, da tsibirin Sisili, da Andalus. Shi ya sa har yau mutanen Sifen ke cewa "azúcar", ga "al" ɗin Larabci nan manne a gaba.

Fataken Italiya, musamman na birnin Benis, suka riƙa sayensa a kasuwannin Gabas, suka ce "zucchero". Faransawa suka ce "sucre". Tun da Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. Ta nan wannan ta bi, ta bayyana cikin ƙarni na 13. A zamanin nan sai sarakuna da attajirai ke iya sayensa, talakawa kuwa sai zuma.

To, mu fa? Mun karɓi "sukari" daga bakin Larabawa, daga baya kuma muka ji Turawa muka ce "suga". Ashe su biyun 'yan'uwa ne, kakansu guda, hanya kawai ta raba su.

Saboda haka kada kowa ya raina harshensa don ya yi aro. Inda haja ta tafi, sunanta ya kan bi ta, Ingilishi ma da aro ya yi arziki.