Ƙarfen wuƙaƙen aljihu masu tsada: abin da lambar tauri take faɗa da abin da take ɓoyewa

A jikin ruwan kusan kowace wuƙar aljihu mai tsada, daf da inda take naɗewa, akwai ƴan haruffa da lambobi: S30V, M390, VG-10, MagnaCut. Sunan ƙarfen da aka ƙera ta da shi ke nan. A takardar talla kuma sai a ƙara wata lamba, 60 HRC ko 64 HRC, wadda ke nuna taurinsa. Waɗannan alamomi suna da hannu sosai a farashi. Ana samun Opinel ta Faransa a ƙasa da Yuro 20, ita kuwa Sebenza ta Amurka ta haura dalar Amurka 400, wato sama da jika 200 na kuɗin sefa.

Masu saye da yawa sun ɗauka cewa lambar da ta fi girma ita ce wuƙar da ta fi kyau. A wajen masana ƙarfe kuwa, tauri ɗaya ne kawai daga cikin halayen da ake dubawa, kuma abin da aka ƙara wa wani hali, galibi daga wani aka rage shi.

Yadda ake auna tauri

HRC na nufin ma'aunin Rockwell, rukunin C. Sunan ya fito daga Hugh Rockwell da Stanley Rockwell, Amurkawa biyu na jihar Konetikat, waɗanda suka samu lasisin na'urarsu a 1919. Na'urar tana danna ɗan tsinken lu'ulu'u mai kusurwar digiri 120 a jikin ƙarfen, da nauyin kilo 10 a farko, sannan a kai shi kilo 150. Zurfin ramin da ya bari shi ake mayarwa lamba. Kowane maki ɗaya daidai yake da zurfin milimita 0.002, saboda haka tsakanin ƙarfe mai 60 da mai 64 bambancin zurfin milimita 0.008 ne, bai kai kaurin silin gashi ba.

Wannan ɗan bambancin yana bayyana a wajen aiki. Wuƙaƙen Victorinox na Suwizalan suna tsayawa a wajen 56. Yawancin wuƙaƙen aljihu masu tsada suna tsakanin 58 da 62. Ƴan kaɗan suna kaiwa 65 zuwa 69. Ƙarfe mai ƙarancin tauri bakinsa kan lanƙwashe idan ya haɗu da abu mai ƙarfi, amma ana miƙe shi cikin sauƙi. Mai tauri sosai ba ya lanƙwashewa, ɓantarewa yake yi.

Daga ina taurin yake fitowa?

Ƙarfen wuƙa haɗi ne na baƙin ƙarfe da sinadarin kabon, wanda shi ne ainihin gawayi. Kabon kashi 0.6 cikin 100 ya isa a kai ƙarfe kusan 60 HRC. Irin wannan adadin ne ke cikin sifirin ɗin mota, wanda maƙera ke saye a wajen masu kayan tsofaffin motoci su ƙera wuƙa da adda.

Kabon shi kaɗai ba ya kawo tauri sai an bi ta wuta. Ana gasa ƙarfen har wajen digiri 800 na ma'aunin Salshiyas idan na kabon ne zalla, ko sama da 1,000 idan mai haɗi da yawa ne. Daga nan a sanyaya shi da gaggawa cikin mai, ruwa ko iska. A wannan matakin ya yi tauri amma yana iya fashewa kamar gilashi, don haka ake sake ɗumama shi, sau da yawa tsakanin digiri 150 da 200, a rage masa tauri kaɗan a ƙara masa juriya. Wasu kamfanoni suna tsoma shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili kafin wannan ɗumin. Ƙarfe iri ɗaya yana iya fitowa da 57 ko 63, gwargwadon yadda aka tafiyar da wutar.

Halaye huɗu da ke ja-in-ja

Na farko shi ne daɗewar kaifi, wato yawan yankan da wuƙa za ta yi kafin ta dakushe. Na biyu juriya, ƙarfin da bakin yake da shi na shanye bugu ko murɗiya bai ɓantare ba. Na uku ƙin tsatsa. Na huɗu sauƙin washi.

Ƙin tsatsa aikin sinadarin kuromiyom ne. Harry Brearley ya gano hakan a birnin Shefil na Ingila a 1913, kuma a ƙa'ida sai ƙarfe ya ƙunshi aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na kuromiyom kafin a sa shi cikin marasa tsatsa, waɗanda ake buga wa tambarin inox a wuƙaƙen Faransa.

Daɗewar kaifi kuwa ta fi rataya a kan wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira kabaid. Ba su da alaƙa da kabaid ɗin masu walda da masu nunar da mangwaro. Ƙwayoyi ne da ke samuwa a cikin ƙarfen idan kabon ya haɗu da kuromiyom, banadiyom, tangistin ko niyobiyom. Suna zaune a ciki kamar tsakuwa a cikin kankare: suna hana shi cinyewa, amma idan sun yi yawa ko sun yi girma, ta gefensu tsagewa ke farawa. Kowane allazi da nasa amanu.

A nan ne lambar Rockwell take gazawa. Tana auna taurin ƙarfen a dunƙule, ba ta bayyana yawan kabaid ko irinsa. Za a iya kai 14C28N da S90V duka 60 HRC, amma S90V ya fi daɗewa da kaifi nesa ba kusa ba, shi kuma 14C28N ya fi shi juriya da irin wannan tazarar.

Ƙarfen gari

A narkarwa ta gargajiya ana zuba ƙarfe a babban mazubi ya huce a hankali, sai ƙwayoyin kabaid su girma su dunƙule. A 1970 kamfanin Crucible na birnin Sirakus a jihar Niyok ya fara sayar da ƙarfen da ake yi ta wata hanya: a fesa narkakken ƙarfe da iskar gas ya zama gari, a zuba garin a gwangwani, a matse shi da zafi da nauyi har ya haɗe. Kowace ƙwayar gari tana daskarewa nan take, don haka kabaid ɗin ke zama ƙanana, a baje daidai. Haruffan CPM a gaban sunan ƙarfe wannan hanyar suke nufi. Böhler na Ostiriya, Uddeholm na Suwidin da Carpenter na Amurka duk suna da irin tasu. Crucible ya shiga halin karayar arziki a ƙarshen 2024, kamfanin Erasteel na Faransa ya sayi sunayen ƙarafansa a 2025.

Kwatancen fitattun ƙarafa

12C27 da 14C28N: na kamfanin Sandvik na Suwidin, wanda sashensa na ƙarfe yanzu ake kira Alleima. Kabon wajen kashi 0.6, kuromiyom 13.5 zuwa 14. Kabaid kaɗan ne kuma ƙanana. Juriya sosai, washi cikin sauƙi, kaifi matsakaicin daɗewa. Opinel ta daɗe tana amfani da wani nau'in 12C27 a wuƙaƙenta na inox.

VG-10: na kamfanin Takefu a Japan. Kabon kashi 1, kuromiyom 15, da ɗan kobal. Yawanci 59 zuwa 61 HRC. Matsakaici ne a kowane fanni.

D2: tsohon ƙarfen kayan aikin masana'antu. Kabon 1.5, kuromiyom 12, amma kaso mai yawa na kuromiyom ɗin ya shige cikin manyan kabaid, shi ya sa yake iya yin tsatsa, juriyarsa kuma ba ta da yawa.

S30V da S35VN: na farkon ya fito a 2001, aikin Dick Barber na Crucible tare da shawarar maƙerin wuƙa Chris Reeve, mai Sebenza. Kabon 1.45, kuromiyom 14, banadiyom 4. Na biyun ya biyo baya a 2009, an rage banadiyom zuwa 3 an ƙara niyobiyom 0.5, ya fi juriya da sauƙin sarrafawa. Dukansu 58 zuwa 61.

M390: na Böhler. Kabon 1.9, kuromiyom 20, banadiyom 4. CPM 20CV da CTS-204P kusan haɗi ɗaya ne da shi, sunan kamfani ne ya bambanta. Yana ƙin tsatsa ƙwarai, yana daɗewa da kaifi, amma juriyarsa ba ta kai farin jininsa ba.

S90V: kabon 2.3, banadiyom 9. Yana cikin waɗanda suka fi daɗewa da kaifi a marasa tsatsa, washinsa kuma sai da haƙuri.

ZDP-189 da Maxamet: manyan masu lamba. Na farkon kamfanin Hitachi ne ya ƙirƙiro shi, kabon 3, kuromiyom 20, yana kaiwa 64 zuwa 67. Na biyun na Carpenter ne, mai tangistin 13 da kobal 10, yana haura 67. Maxamet yana tsatsa, kuma dukansu ba sa son bugu ko murɗiya.

MagnaCut: masanin ƙarfe Larrin Thomas ya tsara shi, ya fito a 2021. Kabon 1.15, kuromiyom 10.7, banadiyom 4, niyobiyom 2. An auna haɗin yadda kuromiyom ba zai shiga cikin kabaid ba, ya tsaya kan aikinsa na hana tsatsa. Sakamakon shi ne ƙarfe mai ƙarancin kuromiyom wanda ya fi S30V ƙin tsatsa da juriya, yana aiki tsakanin 60 da 64.

Abin da tambarin ba ya faɗa

Sunan ƙarfe yana nuna abin da zai iya yi idan an sarrafa shi daidai. Kamfanin Buck na Amurka ya yi suna da 420HC, ƙarfe mai araha, saboda tsarin wutar da Paul Bos ya kafa masa, wanda ke kai shi wajen 58 HRC. Idan kuma aka bar M390 da taushi don a sauƙaƙa aikin masana'anta, ko injin washi ya ƙone bakinsa, mai saye ya biya kuɗin abin da bai samu ba.

Siffar bakin ma tana da nata. Yawancin wuƙaƙen aljihu ana wasa su a kusurwar digiri 15 zuwa 20 a kowane gefe. Gwajin na'urar CATRA ta Shefil, wadda ke yanka kwali mai ɗauke da garin yashi tana auna zurfin yankan, ya nuna cewa rage kusurwar baki yana iya ƙara daɗewar yanka fiye da sauya ƙarfe. Amfanin tauri na gaskiya ke nan: yana ba da damar a sirance bakin bai lanƙwashe ba.

Sai batun jabu. Ido ba ya rarrabe S35VN da ƙarfen banza, kuma buga haruffa a jikin wuƙa ba ya cin komai. Wuƙar da aka rubuta wa M390 ana sayar da ita a kuɗin Opinel, farashin ya riga ya ba da amsa.

Wane ƙarfe, wane aiki?

Yashi ya fi ƙarfen wuƙa tauri, ko da mai 60 HRC ne. Igiya, buhu, kwali da fata masu ƙura suna cinye baki da sauri, kuma a irin wannan aikin ƙarafa masu banadiyom da yawa suna nuna fifikonsu. Sai dai kabaid ɗin banadiyom ya fi dutsen washi na gargajiya tauri, ya ma fi yawancin duwatsun washi na kanti. Wanda ya sayi S90V ko Maxamet yana buƙatar mawashi mai garin lu'ulu'u, in ba haka ba ranar da ta dakushe aikinta ya tsaya.

Mai yankan da ke haɗuwa da ƙashi, itace ko waya ya fi dacewa da 14C28N, S35VN ko MagnaCut. Mai aiki a ruwan gishiri ko cikin gumi akwai masa H1 da LC200N, waɗanda naitirojin ya maye gurbin kaso mai yawa na kabon a cikinsu, da wuya su yi tsatsa.

Tarihin Douk-Douk ya nuna nauyin sauƙin washi. Kamfanin Cognet na garin Thiers, cibiyar ƙera wuƙa ta Faransa, ya fara yin ta a 1929 don kasuwar tsibiran Fasifik, amma a Afirka ta Arewa da sauran ƙasashen Afirka da Faransa ta yi wa mulkin mallaka ta samu karɓuwa. Ƙarfenta XC75 ne, na kabon zalla, taurinsa bai wuce 50 da ɗoriya ba. Tana tsatsa idan ba a shafa mata mai ba, tana dakushewa da wuri, amma kowane dutse yana dawo mata da kaifi cikin mintuna kaɗan, kuma har yau ana ƙera ta a Thiers.