Daga Tuffa Zuwa Tumatirin Zoɓe: Tarihin Adana Amfanin Gona Cikin Kwalba

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Kurfi. Ya ce ɗansa ya nuna masa a waya yadda Turawa ke dafa tuffa su dama ta kamar kunu su ajiye, shi ne yake tambaya: ina asalin wannan dabara, kuma za ta yi wa tumatirin da ke ruɓe masa?

To Alhaji, mu fara da tuffar. Asalinta duwatsun ƙasar Kazakistan ne a tsakiyar Asiya, fatake suka yi ta yaɗa ta har Turai. Itaciyar tana son sanyi mai tsanani, shi ya sa ba ka ganinta a gonakin Kurfi, galibin wadda ake sayarwa a kasuwanninmu shigo da ita ake yi. Su can tana nuna ne a lokaci guda, ta yi yawa, sai matan gida su fere ta, su cire ƙwallayen, su dafa da ɗan ruwa har ta yi laushi, su dama. Ka ga ciwonsu da namu ɗaya ne: wata biyu kaya sun yi arha kamar banza, sauran shekara babu.

Amma dafaffen abu ba ya daɗewa. Wanda ya gano makullin shi ne wani Bafaranshe mai sana'ar alewa, Nicolas Appert. Ya shafe shekaru yana cusa abinci cikin kwalabe, ya toshe bakinsu sosai, ya tafasa su cikin ruwa. A 1810, zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, gwamnatin Faransa ta ba shi faran 12,000 bisa sharaɗin ya buga dabarar kowa ya sani. A shekarar ce kuma wani ɗan Ingila, Peter Durand, ya yi rajistar yin haka da gwangwani. Wato tumatirin gwangwanin da ke shagonka jikan wannan aiki ne. Abin mamaki, shi Appert bai san ainihin dalilin da abincin ke ƙin lalacewa ba. Sai bayan shekara hamsin Louis Pasteur ya nuna cewa zafi ne ke kashe ƙananan ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci, murfi kuma ya hana sababbi shiga.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Iyayenmu rana suka ɗauka aiki: kauɗa, busasshiyar kuɓewa, kuka, barkono. Sai dai mu faɗi gaskiya, kauɗar da ake shanyawa a ƙasa bakin titi tana kwasar yashi da ƙura, kuma ita ke jawo wa mai ita farashin wulaƙanci. Ko tabarma ce a shimfiɗa mana!

A ƙasar Dutsin-Ma, inda aka gama madatsar ruwa ta Zoɓe a kan kogin Karaduwa a 1983, ana noman rani, tumatir kuma yana fitowa a lokaci guda kamar tuffar Turawa. Wanda ya manta darajarsa ya tuna 2016, lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonaki a Arewa, kwando ya gagari talaka.

Saboda haka amsarka ita ce e, za ta yi. A wanke tumatir mai kyau, banda ruɓaɓɓe, a markaɗa, a dafa ya yi kauri. A zuba da zafinsa cikin kwalba mai tsabta mai murfin ƙarfe da ke kamawa sosai, a sa ruwan lemun tsami babban cokali biyu a kwalbar lita ɗaya, a bar ɗan fili a sama. Sai a nutsar da kwalaben cikin tukunya, ruwa ya rufe su, su yi ta tafasa minti 45. Kada a raina lemun nan, domin tuffa tana da tsaminta, tumatir kuwa nasa wani lokaci ba ya isa, kuma akwai ƙwayar cuta mai kisa da ke rayuwa inda babu iska babu tsami. Kwalbar da murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, a zubar, ko ɗanɗanawa kada a yi.

Uwargida ta gwada da kwalba biyar tukuna kafin a taɓa kwandon kasuwa.