Tarihin Rarrabe Mutum da Manhaja a Ƙidayar Baƙin Shafukan Intanet

Tun farkon shekarun 1990, kowace kwamfuta mai ɗauke da shafin intanet tana da rajistar da take rubuta duk buƙatar da ta iso mata: adireshin mai nema, da lokaci, da fayil ɗin da ya nema. Da wannan rajista masu shafuka suka fara ƙidaya baƙinsu. Sai dai ba kowane layi ne sawun ɗan Adam ba.

A 1993 Matthew Gray na jami'ar MIT da ke Amurka ya ƙirƙiro World Wide Web Wanderer, manhajar da ke bin shafuka ɗaya bayan ɗaya domin auna girman yanar gizo. Ba a jima ba irinta suka yawaita, har wasu suka riƙa yi wa shafuka nauyi da yawan buƙatu. Saboda haka a 1994 Martijn Koster ya kawo shawarar fayil ɗin robots.txt, inda mai shafi zai faɗa wa manhajojin wuraren da bai yarda su shiga ba. Roƙo ne kawai. Wadda ta ga dama sai ta ƙi ji.

Hanyar tacewa ta farko ta dogara ga sunan da mai ziyara ke bayarwa tare da buƙatarsa. Manhajojin nazarin rajista irin su AWStats, wadda ta fito a 2000, sukan gwada sunan da jerin sanannun manhajoji, su ware su gefe. Rauninta shi ne kowa yana iya aron suna. Shi ya sa daga baya aka koma bincikar adireshin, a ga ko mai kiran kansa Googlebot daga Google ya fito.

Hanya ta biyu ta yaɗu bayan Google ya sayi kamfanin Urchin a 2005, ya fitar da Google Analytics. A nan ana saka guntun umarnin JavaScript cikin shafi, kuma sai ya yi aiki ake ƙidaya baƙo. Yawancin manhajojin wancan zamani ba sa gudanar da shi, don haka suka fita daga lissafi. Daga bisani aka samu masu gudanar da shi kamar mutum, sannan mutanen da ke toshe talla suka riƙa ɓacewa daga ƙidayar.

Dalilin wannan fama kuɗi ne, domin da yawan baƙi ake yanke farashin talla, kuma mai talla ba ya son biyan kuɗin kallon da manhaja ta yi. Ita kuwa ƙa'idar robots.txt, sai a 2022 aka tabbatar da ita a hukumance cikin takardar RFC 9309.