Dokar 10.639: Yadda Barazil ke horar da malamai koyar da tarihin Afirka da yaƙi da wariya

A ranar 9 ga Janairun 2003 Shugaba Lula da Silva na Barazil ya sanya hannu a kan doka mai lamba 10.639, wadda ta wajabta koyar da tarihin Afirka da al'adun baƙaƙen fatar ƙasar a makarantun firamare da sakandare, na gwamnati da masu zaman kansu. A 2008 aka faɗaɗa ta domin ta haɗa da tarihin 'yan asalin ƙasar. Sai dai tun daga farko matsala ɗaya ta fito fili: mafi yawan malaman da aka ɗora wa aikin ba a taɓa koya musu wannan tarihi ba.

Abin da ya haifar da dokar

Barazil ƙasa ce da hijira ta gina, ta tilas da ta ganin dama. Fiye da 'yan Afirka miliyan 4 aka sauke a gaɓarta a zamanin cinikin bayi, adadin da ya ɗara na kowace ƙasa a nahiyar Amurka, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar da ta soke bauta, a 1888. Shekara biyu bayan haka gwamnati ta fitar da doka da ta buɗe ƙofa ga baƙi, amma ta ce 'yan Afirka da 'yan Asiya sai da izinin majalisa. Turawa daga Italiya da Fotugal da Sifaniya da Jamus suka yi ta kwarara, manyan ƙasa suna fatan a hankali launin al'umma zai koma fari.

Duk da haka, ƙidayar 2022 ta nuna cewa baƙaƙe da masu ruwa biyu sun zarce kashi 55 cikin 100 na jama'a. An daɗe ana cewa babu wariya a Barazil tunda jinsuna sun cakuɗa. Ƙungiyoyin baƙar fata suka ƙi yarda, suna nuni da littattafan makaranta da ba sa nuna ɗan Afirka sai da sarƙa a wuya.

Yadda ake horar da malamai

A 2004 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idojin aiwatar da dokar. Farfesa Petronilha Gonçalves e Silva, baƙar mace ta farko a majalisar, ita ta tsara rahoton. Ƙa'idojin sun umarci jami'o'in da ke yaye malamai su sanya dangantakar jinsuna cikin darussansu, a kuma shirya bita ga waɗanda suka riga suka kama aiki.

Horon ya fi karkata ga abubuwa uku. Na farko shi ne ilimin kansa: a san cewa Afirka tana da dauloli irin su Mali da Songhai da Kongo kafin zuwan jiragen bayi. Domin haka a 2010 aka fitar da fassarar Fotugis ta kundi takwas na tarihin Afirka da UNESCO ta wallafa, aka sanya su a intanet kyauta. Na biyu shi ne tantance kayan karatu: wa aka zana a matsayin likita, wa aka zana yana shara? Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne halin malami a aji, wato abin da zai yi idan aka yi wa yarinya ba'a saboda gashinta, maimakon ya ce wasan yara ne ya wuce.

Hausawa a cikin darasin

Cikin tarihin da dokar ta farfaɗo da shi har da na Hausawa. A farkon ƙarni na 19 an kai Musulmi da dama jihar Bahia, wasunsu waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa da ta Yarbawa. A 1807 hukumomin birnin Salvador suka bankaɗo shirin tawaye na Hausawa. A Janairun 1835, cikin watan Ramadan, aka yi boren da ake kira na Malê, wanda Yarbawa Musulmi suka jagoranta, da wasu Hausawa a ciki. An samu layu da takardun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan boren, 'yantattun bayi da yawa sun komo Afirka ta Yamma, har da Legas. A yau wani reshen jami'ar tarayya ta UNILAB a Bahia yana ɗauke da sunan Malê.

Sababbin baƙi

Hijira ba ta tsaya a tarihi ba. 'Yan Haiti sun shigo bayan girgizar ƙasar 2010, daga bisani 'yan Venezuela suka biyo baya da yawan gaske. A 2020 majalisar ilimi ta zartar cewa dole a karɓi ɗan baƙo ko ɗan gudun hijira a makarantar gwamnati ko da ba shi da takardun makarantarsa ta baya. Wannan ya ƙara wa malami nauyi: yaron da bai iya Fotugis ba, idan kuma baƙi ne, wariya biyu ke jiransa.

Inda aka kwana

Bincike da cibiyoyin Geledés da Alana suka fitar a 2023 ya gano cewa kashi 71 cikin 100 na hukumomin ilimin ƙananan hukumomi da suka amsa tambayoyinsu ba sa yin wani abin a zo a gani wajen aiwatar da dokar. A makarantu da yawa ba a tuna darasin sai a watan Nuwamba, lokacin tunawa da Zumbi, jagoran gudaddun bayi da aka kashe a 1695. Wasu iyaye kuma suna tirjiya idan aka taɓo addinan gargajiya masu tushe daga Afirka, abin da ke sa malamai kauce wa batun.

A 2024 ma'aikatar ilimi ta ƙaddamar da sabon tsari na ƙasa domin cike giɓin, kuma horar da malamai da shugabannin makarantu na cikin manyan ginshiƙansa.