Mita 49: Yadda Rediyon Kaduna Ya Kai Kiɗa Har Bakin Dajin Rugu

Tsakanin Kaduna da Batsari akwai tazarar kimanin kilomita 250 idan aka ja layi a miƙe, kuma shekaru hamsin da suka wuce tafiya ce da mutumin karkara kan iya ƙare rayuwarsa bai yi ta ba. Duk da haka, manomin ƙasar Ruma da makiyayin Runka ta ƙasar Safana sun san muryar Ɗan Maraya Jos, sun san amon kuntiginsa, alhali ba su taɓa sa shi a ido ba. Gidan rediyo guda ne ya haɗa su da shi. Duk wanda zai ba da tarihin kiɗan Hausa daga samun 'yancin kai zuwa yau, dole ne ya bi ta ƙofar wannan gida, domin shi ne ya mayar da mawaƙan gari mawaƙan yanki baki ɗaya.

Irin wannan ya faru a wasu ƙasashe. Masu nazarin kiɗan rock na Amurka sukan fara labarinsa daga tashoshin yanki. A 1951 Alan Freed ya soma sa fayafayan baƙar fata a tashar WJW ta birnin Cleveland, matasan farar fata suka kama saurare. A watan Yulin 1954 kuma Dewey Phillips na tashar WHBQ da ke Memphis ya sa faifan farko na wani matashi direban babbar mota mai suna Elvis Presley. Tashar yanki ita ce ta fi kusa da makaɗan da ba a san su ba tukuna, ita ce kuma ke da kunnuwan da za su karɓe su. A Arewacin Nijeriya, Kaduna ce ta yi wannan aiki, sai dai da kalangu da goge da kukuma ta yi shi.

Kafin akwatin rediyo

A tsarin gargajiya, kowane makaɗi yana da ubangida da rukunin da yake wa kiɗa. Taushi da kotso na fada ne, kalangu na mahauta ne, gangar noma ta manoma ce a wurin gayya, maharba da 'yan tauri da 'yan dambe kowa da nasa. Sunan mawaƙi yana kaiwa ne iyakar inda ƙafarsa ta kai, wato fadar ubangidansa, da kasuwannin mako, da bukukuwan da aka gayyace shi. A garuruwa irin Batsari, inda Sarkin Ruma ke hakimci, da Safana ta Yariman Katsina, abin da kunne ya saba da shi shi ne kiɗan ƙasar, sai kuma baƙon makaɗi da ya ratso da rani.

Rediyon farko da Turawan mulki suka kawo bai canza wannan ba. Na waya ne, ana ja daga ofis zuwa lasifikar da aka kafe a gida ko a dandali, kuma ya iso Kano a 1944. Inda waya ta tsaya, nan sauti ke tsayawa, don haka abin ya zama na 'yan birni. Abubuwa biyu ne suka buɗe wa karkara ƙofa: ƙaramin akwatin tiransisto mai aiki da batir, wanda ya yi araha a shekarun 1960, da kuma tashar da ke da ƙarfin cika shi da magana a cikin harshen mai shi.

Gidan Sardauna

Gasar jihohi uku na wancan zamani ce ta haifi tashar. Jihar Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan a 1959, Jihar Gabas ta bi sahu a 1960. Gwamnatin Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta kafa Kamfanin Watsa Labarai na Arewacin Nijeriya, BCNN, tare da kamfanonin EMI da Granada na Ingila, ya fara aiki a watan Maris na 1962. Manufar siyasa ce a fili: Arewa ta sami bakin da za ta yi magana da kanta. Muhimmancin gidan ya bayyana ranar 15 ga Janairun 1966, ranar da aka kashe Sardauna, domin ta nan Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya karanta jawabinsa na juyin mulki.

Sirrin ƙarfin gidan yana cikin zangon da yake watsa shirye-shirye a kai. Igiyar gajeren zango takan tashi sama ta bugi wani sashe na sararin samaniya, sannan ta dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomitoci, ba ruwanta da dutse ko daji. Shi ya sa sashen Hausa da ke kan mita 49 ya riƙa shiga ƙauyukan bakin dajin Rugu kamar yadda yake shiga Zariya, ya kuma tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram, har zango-zangon Hausawa na Ghana da Kamaru.

Tasha kuwa ciki gare ta, kullum sai an cika sa'o'inta. Jawabin gwamnati da labarai ba za su isa ba, sai aka koma ga makaɗa, ana ɗaukar su a ɗakin naɗar sauti ko a wuraren wasa. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya ɗauki kalangun da aka sani na mahauta ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa da shi, rediyo kuma ya raba wa kowa. Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina sun fito da waƙar fada daga zaure zuwa bukkar talaka. Kiɗan Garba Supa, da kukumar Ahmadu Doka, da gurmin Haruna Uji na Haɗeja duk sun zama sanannu a wuraren da masu su ba su taɓa takawa ba. Mata ma sun sami rabo: amadar da ake yi da ƙwarya a cikin gida tsakanin mata ta fito fili da muryar Barmani Choge ta Funtuwa.

Wannan ya sauya lissafin sana'ar. Yabon da a da mahalarta biki kaɗai ke ji, yanzu Arewa duka ke ji, saboda haka darajarsa ta ƙaru, haka ma zafin zambo. Hukuma ta gane haka da wuri. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 waƙoƙin ƙarfafa wa soja gwiwa sun cika tashar, kuma da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, aka kuma sauya fam da sule zuwa naira da kobo a 1973, mawaƙa na cikin waɗanda suka fassara wa jama'a sabon tsarin.

Mai sauraro ma bai zauna hannu rabbana ba. Shirin Zaɓi Sonka ya ba shi damar aika kati ya gai da 'yan uwa da abokai, ya kuma zaɓi waƙa. Aka kafa ƙungiyoyin 'yan zaɓi sonka gari-gari, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka san sunayen juna da laƙabobinsu, zumunci ya ƙullu. Ga mazaunin ƙauyen da jarida ba ta zuwa, jin an ambaci sunan garinsu daga Kaduna shaida ce cewa ana lissafi da shi.

Ina kiɗan jita?

Kiɗan rock bai yi saiwa mai zurfi a ƙasar Hausa ba, amma bai rasa masu yi ba. Ƙungiyar Elcados ta Kano ta fitar da fayafayai a shekarun 1970, Bala Miller kuma ya yi waƙoƙin Hausa da kayan kiɗan zamani daga Kaduna. Sai dai kasuwarsu ta fi ci a otal-otal da kulob na birane. Kunnen Bahaushe ya saba bin magana a waƙa, wato ma'ana da habaici da kirari, kuma baƙin kiɗan da suka fi shiga ransa su ne na fina-finan Indiya da na Sudan. Daga baya wannan ɗanɗano ne ya haifi waƙoƙin fina-finan Hausa na fiyano a ƙarshen shekarun 1990.

Raguwar zango

Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, gidan ya ci gaba a matsayin kadarar haɗin gwiwa tsakaninsu. Gwamnatin soja ta karɓe sashen talabijin a tsakiyar shekarun 1970, sannan daga 1 ga Afrilun 1978 rediyon ya koma ƙarƙashin Hukumar Rediyon Tarayya, FRCN. Yunƙurin rage masa ƙarfi a lokacin ya gamu da turjiya daga Arewa, ya kuwa tsira da gajeren zangonsa a matsayin tashar shiyya.

Abin da doka ba ta yi ba, zamani ya yi. Kaset ya ba kowa damar jin Shata a lokacin da ya ga dama. An ƙirƙiri Jihar Katsina ranar 23 ga Satumban 1987, ta kuma tsayar da nata gidan rediyon. Dokar 1992 ta halatta tashoshi masu zaman kansu, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, wasu suka biyo baya, yawancinsu a kan zangon FM. Sautin FM ya fi tsabta, amma tafiyarsa gajera ce, domin kusan iyakar ganin eriya yake kaiwa. Sai tashoshi suka yawaita a birane, ƙauyen da ke nesa kuma ya koma neman sigina.

Daga nan wayar salula ta karɓi ragamar kiɗa. Misalin da ya fi nuna haka shi ne na Mdou Moctar, Buzu makaɗin jita daga Nijar, wanda ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008. Waƙoƙinsa sun yaɗu a Sahel daga waya zuwa waya ta katin ajiya, ba tare da wata tasha ta ɗauki nauyinsu ba, kuma yau yana cikin fitattun makaɗan rock na Afirka.

Amma waya tana da rauninta, mutanen Batsari da Safana kuwa sun ɗanɗana shi. A watan Satumban 2021, saboda hare-haren 'yan bindiga da ke fitowa daga dajin Rugu da makamantansa, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan biyu, na tsawon watanni. A irin wannan hali, na'urar da ba ta bukatar turken sadarwa a kusa, sai batir biyu kawai, ita ce ta rage wa mai son jin abin da duniya ke ciki.

Gadon gidan na biyu yana cikin ɗakin ajiyarsa. Yawancin manyan makaɗan da aka ambata sun rasu: Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Ba su bar waƙoƙinsu a rubuce ba, kuma kaɗan ne daga ciki kamfanoni suka buga a faifai. Sauran suna kan zaren maganaɗisu, wanda zafi da danshi da ƙura ke ci a hankali, na'urorin juya shi kuma sai ƙara wuyar samu suke yi. Juyar da su zuwa kwamfuta, tare da rubuta sunan mawaƙi da shekara da wurin ɗauka, aiki ne da jami'o'in Zariya da Kano da Katsina, da Gidan Arewa na Kaduna, za su iya haɗa hannu da Rediyon Tarayya su yi. Ya kamata a fara tun tsofaffin ma'aikatan da suka ɗauki waɗannan muryoyi suna raye, domin su kaɗai ne za su iya sauraron zaren da ba shi da lakabi su ce wane ne wannan, kuma a wane gari aka ɗauke shi.